Sha-Ɗaya a Rukunin Jira

Yayana mai aski ne, amma duk unguwa Sha-Ɗaya take kiransa, lambar da ke bayan rigarsa tun yana saurayi yana buga wa ƙungiyar unguwarmu ƙwallo ta gefen hagu. Bai taɓa shiga babbar ƙungiya ba. Ya dai yi ta gudu a filin bayan makaranta har furfura ta fito masa, sannan ya koma koya wa na baya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya mai juyawa da aka ɗaure hannunta da waya, madubi mai tsaga a kusurwa, sai bencin masu jiran layi. Yana aski yana sharhin wasa. Wani lokaci sai ya ajiye injin ya miƙe ya nuna yadda ake yanke mai tsaron baya, mutum na zaune da rabin kai yana roƙonsa ya ƙarasa.

A shagon nan hawan jini ya kayar da shi, da rana tsaka. Ɓarin hagu ya shanye.

"Kin ga wulaƙanci, Auta," ya ce min a asibiti, baki a karkace. "Duk faɗin jikin nan, sai ƙafar da aka san ni da ita."

Kafin a sallame shi babban ɗansa ya karɓi shagon, ya sauke hotunan ƙungiya daga bango, ya rataya talabijin. Matar Yaya ta yi jinya iyakar ƙoƙarinta, har ƙoƙarin ya ƙare. Ta mayar da shi ɗakin baya, inda ake ajiye tsoffin bokitai, ta ce can ya fi kusa da banɗaki. Yana iya tafiya da sanda, yana jan ƙafar kamar ba tasa ba.

Ana haka masu bincike suka zo daga wata jami'a. Suna son su gano ko motsa jiki a cikin jama'a yana taimakon masu shanyewar ɓarin jiki su warware su koma cikin mutane. Suka karɓi zauren wasanni na unguwa, suka share shi, suka jera kekunan da ake tuƙawa a wuri ɗaya da sandunan dafawa da ƙwallayen roba manya-manya. Shugabarsu wata mace ce mai sanyin murya, kowa Dakta yake ce mata. Wanda suka ɗauka ya riƙa horar da marasa lafiyar kuwa, Koci, yaron Yaya ne a filin ƙwallo. A hannunsa ya koyi tare ƙwallo da ƙirji.

Ni na raka Yaya ranar farko. Ya sa tsohon wandon wasansa, ya sa na ɗaure masa igiyar takalmi. Rabona da in ga haƙoransa tun kafin ciwon.

Aka gwada kowa, aka auna tafiyarsa da ƙarfin hannunsa. Sannan Dakta ta yi bayani cewa za a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya zai fara horo yanzu. Ɗayan zai jira, ya ci gaba da zamansa yadda ya saba, domin a ƙarshe a kwatanta a ga bambanci. In an gama, su ma na jiran za a yi musu. Aka zagayo da kwali. Yaya ya zura hannunsa mai lafiya ya ciro shuɗin kati.

"Baba, kana rukunin jira," in ji Dakta.

"Jiran me, 'yata? Ga ni ga keken."

"Haka tsarin yake. Ku ma kuna da muhimmanci ƙwarai."

Ya waiwaya wajen Koci. Koci ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Yaya bai jira a gida ba. Kowace ranar horo sai ya ja ƙafa ya tafi zauren, ya tsaya a waje jikin taga, ya jingine sandarsa. Abin da na ciki suka yi, shi ma ya yi. Su ɗaga gwiwa, ya dafa ƙarfen taga ya ɗaga. Su miƙa hannu, ya kama na hagun da na dama ya miƙar. Masu wucewa suna tsayawa kallo, wasu su yi dariya, ko a jikinsa. Cikin 'yan makonni ya fara hawa dakalin ƙofar gida ba tare da an riƙe shi ba. Ya ce min yatsunsa sun fara jin zafin kofin shayi.

Wata safiya Dakta ta hango shi. Ta turo Koci.

"Maigida, don Allah ka daina zuwa nan," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Na shiga ne? A titi nake."

"Kana ɓata mana aiki. In ka warware kana rukunin jira, sakamakon ya lalace. Ni za a kora."

"Wato in na samu sauƙi na yi laifi?"

"Ni dai na faɗa maka."

Washegari aka lulluɓe tagogin da labule. Yaya ya ci gaba da yi a tsakar gida, da abin da ya haddace. Da labari ya kai wa Dakta, sai ta kira ɗansa ta yi masa magana cikin ladabi, ta ce motsa jiki ba tare da kulawar ƙwararre ba haɗari ne, idan ya faɗi ba ruwansu. Ɗan ya dawo gida ya ɗauke sandar ya kulle a shago. Na je na yi masa tas. Ya ce, "Gwaggo, in ya karye ke za ki zo ki riƙa kwashe masa kashi?"

Ba sanda, ba fita. Watanni suka shige yana kwance a ɗakin bokitai. Idan na je sai ya tambaye ni, "Sun kusa gamawa? Sun ce mu ne na gaba." Ƙafar ta kumbura, hannun ya dunƙule ya ƙi buɗuwa.

Ranar rufe binciken aka aiko mota ta ɗauke shi, aka ma dawo masa da sandar. Ya ɗauka ranarsu ce ta zo. An cika zauren da kujeru da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto. Aka ja layi biyu a ƙasa. Aka tsayar da wani tsohon direba daga rukunin horo a kan ɗaya, aka tsayar da Yaya a kan ɗayan, don baƙi su ga bambanci da idonsu. Koci ya tafa hannu. Direban ya taka tsaf har ƙarshe, zauren ya ɗauki tafi. Yaya bai kai rabi ba. Gumi ya jiƙa masa riga, kan takalminsa na karce siminti, kowa na jin ƙarar. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Sha-Ɗaya, yanke shi mana!" Aka fashe da dariya. Ya ɗaga kai ya nemi mai maganar, sandar ta goce, ya kife a kan fuskarsa.

Dakta ta jira aka ɗaga shi, sannan ta ce wa baƙin abin da suka gani ya fi duk wani bayani da za ta yi.

A wannan makon babbar mota ta zo ta kwashe kekunan. An ce tallafin ya ƙare. Rukunin jira ba wanda ya sake kiransu. Koci ya samu aiki a wani wurin motsa jiki na masu hali, ya bar unguwar. Kafin shekara ta zagayo ciwon ya sake bugun Yaya, wannan karon ya tafi da harshensa. Yana ji, yana ganewa, sai dai maganar ba ta fita.

Bara Dakta ta dawo da wani sabon bincike, a kan dalilan da ke hana masu lalura motsa jiki. Ta ce irin Yaya suke nema. Ina gidan ta shigo ɗakin bayan, ta zauna a kan bokitin da aka kife, ta buɗe wayarta. Ba ta gane shi ba.

"Baba, a ganinka me ya hana ka motsa jiki?"

Yaya ya kafe ta da ido. Leɓensa na rawa, miyau na gangarowa ta gefen da ya mutu. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga min hannu, ta ce amsar mai lalura ko mai kula da shi kawai ake karɓa.

Ɗansa na jingine a bakin ƙofa yana danna waya.

"Ki sa lalaci," ya ce. "Tun da ya kwanta bai taɓa taimakon kansa ba."

Ta rubuta, ta yi godiya, ta tambayi hanyar gida na gaba.