Ranar da Tamaula Ta Tsallake Ganuwa

Ranar wata Laraba ce, kwana tara bayan an gama yankan dawa, ina da shekara goma sha ɗaya, tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. La'asar ta yi sanyi, muna filin bayan masaƙa a garinmu, wani ƙaramin gari mai ganuwa tsakanin Ƙarfi da Malumfashi. Tamaula na hannuna. Tanko, wani sa'ana ɗan Unguwar Marina, ya baro gida na ɗaya ya nufi na biyu a guje, yana waiwayena yana yi mini gwalo. Yayana Haruna na tsaye a gida na biyu, ya ware hannuwa yana ƙwala mini kira. Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na haɗa da haushin gwalon nan, na wurga. Tamaula ta bi ta saman kan Haruna, ta tsallake ganuwa, ta faɗa waje. Kowa ya yi cirko-cirko, in ban da Tanko, wanda ya ci gaba da gudu yana dariya.

Wasan nan gida huɗu muke ce masa, ban kuma sani ba ko ana yin irinsa a wasu garuruwa. Tamaular ƙwallon goriba ce da muke naɗe wa da tsumma, mu ɗaure tamau da igiyar rama. Gida na ɗaya wani tsohon turmi ne da aka kife, na biyu kututturen ɗorawa dab da ganuwa, na uku fasasshen dutsen niƙa, na huɗu kuwa gindin tsamiya, inda ake tsayawa a yi bugu. Akan rabu biyu, mu 'yan Unguwar Masaƙa da su 'yan Unguwar Marina. Mai bugu ya maka wa tamaula gora ya ruga, abokan hamayya su tsince ta su jefa wa mai tsaron gidan da ya nufa. In ta riga shi isa, ya mutu, sai ya koma gefe. In ya zagaye gidajen nan duka ya dawo gindin tsamiya, unguwarsu ta ci ɗaya. Ba mu da alƙali, wanda ya fi baki shi ke da gaskiya, shi ya sa da wuya mu tashi ba wanda aka fasa wa leɓe.

Ni kuwa a lokacin ba a yi yaro marar natsuwa kamata ba. Inna takan ce, "Kai dai Allah bai yi maka gindin zama ba." A makarantar allo nakan karanta layi biyu idona na ƙofa. In an sa ni tsinkar auduga, kafin a cika kwando ɗaya na bi fara har ƙarshen gona. In an aike ni ɗebo ruwa, sai an biyo sahu a same ni bisa kanya, tulu na ƙasa babu komai ciki. Ga shi kuma shekarun nan na tsoro ne. Mahara kan faɗo wa ƙauyuka da rani, su kwashe dabbobi da mutane. Gona ma sai an fita a ayari, manya da kwari da baka a rataye. Da an yi la'asar ake turo ƙyauren gari, yaro kuwa ko da rana tsaka ba ya leƙa waje shi kaɗai. Muna da wata ƙanwar babanmu da ta tafi itace tun kafin a haife ni, ba ta dawo ba, ba a ma ambaton sunanta a gida. Saboda haka duk gudun da ke jikinmu a ɗan filin nan muke sauke shi, muna zagaye kamar awaki a turke.

To, ranar nan da na ga Tanko ya taka gida na biyu ya nufi na uku, 'yan unguwarsu na tsalle, sai kaina ya ɗau zafi. Akwai wata rariya a gindin ganuwa inda ruwan damina ke fita. Ban yi shawara da kowa ba, na kwanta rub da ciki na kutsa. Na ji Haruna ya cafko mini dunduniya, na fizge. Ina fita na gangara cikin gwalalo, wato ramin da aka haƙa ya kewaye gari, wanda sarƙaƙiya ta cika. Ƙaya ta kama ni ko'ina, ta yage mini bante, ta tsattsage mini baya, amma na hau ɗaya gefen na shiga cikin kututturan dawa ina lalube. Na tsinci tamaular kuwa. Ina ɗagowa sai na hango mutum biyu bisa dawakai can bakin rafi, sun ja linzami sun tsaya, suna duban wajen da nake.

Ban taɓa jin jikina ya mutu kamar lokacin ba. Ni da ba na iya tsayawa wuri ɗaya, sai ga ni ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Mai tsaron ƙofa ma ya hango su, ya kama dukan ganga. Daga inda na durƙusa ina jin garin ya ruɗe, mata na kiran 'ya'yansu, awaki na kuka, cikin muryoyin nan har na tsinkayi ta Inna tana kiran sunana, "Sale! Sale!" da wata irin murya da ban san ta da ita ba. Can aka buɗe ƙyaure, Baba ya fito da mutum biyar, kowa kibiya a kan tsarkiya. Mahayan nan suka juya suka bi rafi suka ɓace. Har yau ba wanda ya san ko mahara ne 'yan leƙen asiri, ko matafiya ne kawai suka tsaya shayar da dawaki. Baba ya saɓa ni a kafaɗa ya juya gari, ina jin ƙirjinsa na bugawa. Inna ce ta zane ni, tana duka tana kuka, sannan ta zaunar da ni ta yi ta cire mini ƙaya da allura. Washegari mai gari ya sa aka yi shela: an hana gida huɗu.

Kwana goma sha biyu muka yi ba wasa, kuma duk yaran gari ni suka ɗora wa laifi. Ba mai kirana langa, ba mai ba ni goriba. Sai in fita in zagaya cikin gari in dawo, in sake fita, in hau rumbu in sauko, har kaji sun gane ni suna gudu. Sauran yaran ma ba su zauna lafiya ba. Aka fasa tulun wata tsohuwa, aka kwance jakin liman, aka yi dambe har sau uku a bakin rijiya.

A gefen filin nan akwai wani dattijo, Baba Sambo masaƙi, gurgu ne tun yana saurayi. Kullum yana zaune a rumfarsa, zarensa miƙe har tsakiyar fili, yana wurga ƙoshiyar saƙa dama da hagu. Mun ɗauka ba ya ko kallonmu, ashe ba abin da ke wuce shi. Shi ne ya dogara sanda ya je zauren mai gari. Babanmu yana wurin, shi ya ba mu labari daga baya. Ya ce da aka gaisa, sai Baba Sambo ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ba don tsumma ya fita ba. Ya fita ne don ya ga abokinsa na gudu ba mai tsayar da shi. In aka tsayar da mai gudu, ba wanda zai bi tamaula waje. A bar mini su." Mai gari ya yarda, amma ya ce in aka sake ganin yaro a bayan ganuwa, to Sambo za a tambaya.

Ranar da aka buɗe fili, ya tara mu gaban rumfarsa ya faɗa mana hukuncinsa. Duk lokacin da jifa ya zarce tamaula ta tsallake ganuwa, zai ce "Ta fita!" kuma wasa ya tsaya ke nan, kowa ya daskare inda yake. Ba mai bin ta, manya za su tsinto in sun fita gona da safe, ga wasu uku ya sa an naɗa ya ajiye a kwandonsa. Mai gudu kuwa za a ba shi gida biyu kyauta, ya taka a hankali ba mai taɓa shi. Haruna ya tambaya don me biyu. Ya ce, "Ɗaya wanda dama ya nufa, ɗaya kuma ladan ɓarnar mai jifa." Tanko ya ce daga ina za a fara ƙirgawa. Baba Sambo ya ajiye ƙoshiya ya ce daga gidan ƙarshe da mai gudu ya taka lokacin da tamaula ta bar hannun mai jifa. Ba lokacin da take sama ba, ba lokacin da ta faɗa waje ba. Muka ce mun ji, ko da yake rabinmu ba su gane bambancin ba, ni ma ina cikinsu.

Na gane shi ana saura kwana biyu Babbar Sallah. An yi alkawari unguwar da ta ci ranar ita ke da fili duk kwanakin Sallah, ɗayar kuwa ta koma kallo. Har 'yan mata suka ajiye tallar ƙosai suka zo. Rana ta kusa faɗuwa, 'yan Marina sun fi mu da ɗaya, mu kuma saura mutum biyu, ni da Haruna. Na buga, na isa gida na ɗaya, na ga tamaula ta gangara nesa, sai na zarce. Tanko ne ya tsince ta. Ya wurga wa mai tsaron gida na biyu, hannunsa ya ƙwace, ta yi sama ta tsallake ganuwa, daidai inda tawa ta bi. Na ji Baba Sambo ya ce "Ta fita!" amma ina! Na taka na biyu, na taka na uku, na faɗo gindin tsamiya ina haki. 'Yan unguwarmu suka ɗaga ni sama suna cewa an yi kunnen doki.

Baba Sambo ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya nuna dutsen niƙa da sandarsa.

"Sale, koma gida na uku."

Na ce, "Baba, wallahi na taka na biyu kafin ta tsallake! Biyu daga nan ai gindin tsamiya ne."

Ya ce, "Kafin ta tsallake, ka taka. Kafin ta bar hannun Tanko fa?"

Wani daga cikinmu ya ce ai Baba Sambo ɗan unguwarmu ne, bai kamata ya yi mana haka ba. Dattijon ko kallonsa bai yi ba, ya ciro sabuwar tamaula daga kwando ya miƙa wa Tanko.

Na koma kan dutsen nan ina hawaye. Ban taɓa tsayuwa mai tsawo irin wannan ba. Tsamiya na gabana taku ashirin, ina ɗaga wannan ƙafa ina sauke waccan, ina jiran Haruna ya buga in tashi kamar kibiya. Ya buga kuwa, amma ta tashi sama ta sauka cikin hannun wani ɗan Marina kafin ta taɓa ƙasa, wanda a wasanmu mutuwa ce nan take. Aka tashi ina tsaye a gida na uku. Sallar nan a kan katanga muka yi ta, muna kallon su Tanko.

Kwana uku ina bi ta bayan rumfar Baba Sambo don kada in gaishe shi. Da babanmu ya lura, sai ya ba ni ƙunshin zaren da Inna ta kaɗa ya ce in kai masa. Na durƙusa na miƙa ina kallon ƙasa. Ya karɓa ya ce, "Da na ba ka gaskiya ranar nan, gobe kowa zai ci gaba da gudu, jibi wani ya bi rariya. Kana so uwar wani ta yi kiran da taka ta yi?" Na girgiza kai. Ya ce to in riƙe masa bakin zare. Na riƙe har azahar, ina mutsu-mutsu, yana dariya. Daga shekarar nan har muka girma muka bar fili, tamaula ta tsallake ganuwa ba adadi, amma ba yaron da ya sake bin ta.

Yanzu ganuwar ta zube, an yi gonar gyaɗa a kan gwalalo. Jirgin ƙasa na kuka a Funtua, audugar da iyayenmu mata ke kaɗawa da mazari injin ke gurje ta. Jikokina ƙwallon roba suke bugawa da ƙafa a filin makaranta, malaminsu na hura usur, ba wanda ya san gida huɗu. Sun fi mu kwanciyar hankali, na kuma gode wa Allah da haka. Bara waccan na hau mota na je Funtua duba Tanko, ya makance, yana kwance a zauren ɗansa. Da ya ji muryata, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam Sale, ba ka taka ba fa." Na ce na taka. Muka yi ta yi har aka kawo fura, jikokinsa na kallonmu ba su san kan zancen ba. Na san shi ke da gaskiya, amma shekara sittin ban amsa masa ba, ranar ma ban amsa ba. Da damina aka aiko mini ya rasu. Yanzu ba sauran wanda zan yi wannan gardama da shi.