Hasumiyar Unguwar Abdulkafi

A shekarun da Libiya ta buɗe ƙofarta ga 'yan Afirka, na yi aikin gini a Sabha a ƙarƙashin wani dattijo mutumin Damagaram, Baba muke ce masa. Wani malamin jami'a ya ɗauke mu aiki a filinsa na unguwar Abdulkafi. A Sikotilan ya yi karatu, ya dawo da hoton wani tsohon gidan sarauta na dutse, ya ce irinsa yake so ya zuba littattafansa a ciki.

Kafin mu haƙa tushe sai da ya zaunar da mu a kan bulo ya ba mu tarihin gidan. Da farko hasumiya ce guda mai kusurwa huɗu, bango mai kaurin gaske, tagogi kamar tsaga. Ƙofar shiga a hawa na biyu take, da tsani ake hawa, in abokan gaba sun taso a janye shi. Da aka samu zaman lafiya, jikoki suka faɗaɗa tagogin, suka ƙara ɗakuna a gefe.

Baba ya juya hoton, ya ce, "Ustaz, wanne za mu gina maka, na kakan ko na jikokin?"

"Na kakan," in ji shi. "Amma ku sa ƙofa a ƙasa."

Dutse bai samu ba, da bulo muka yi, layi biyu, muka cika tsakiya da yashi. Matakalar ce ta ba mu wuya, don murɗaɗɗiya ce kamar dodon koɗi, kuma babu wanda ya taɓa zuba irinta a cikinmu. Ta farko ta karkace muka rushe. Ustaz ya tuɓe kwat ya tsuguna da Baba, suna zane a ƙasa, ɗaya da Larabci ɗaya da Hausa, har suka daidaita. Ta biyu ta tsaya.

Da muka gama, mahaifiyar Ustaz ta zo gani. Ta leƙa ciki ta ce wannan ai kurkuku ne. Amma da zafi ya tsananta, ta lura ɗakin ƙasa ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ta sa aka kai mata katifa da kayan shayi, ta cika hawan sama da buhunan dabino. Ustaz ya kwashe littattafan da ya fara jerawa a ciki. Mu muka taya shi mayar da su cikin kwalaye, sannan muka wuce wani aikin a Tamanhint.