Kifin Gummi a Bakin Tekun Girka

Ana idar da sallar asuba muka bar Gummi, ni da wani abokina, mun nufi Tasalonika, birnin Girka da ke bakin teku, inda ƙanena yake karatu. Ni na tsara tafiyar, kuma har gobe ina alfahari da tsarin. Na sayi tikiti tun da wuri, na zaɓi lokacin da masu yawon buɗe ido suka watse, masauki kuwa ɗakin ƙanena. Illar tikitin mai araha ɗaya ce, ƙaramar jaka kawai aka yarda mutum ya riƙe.

Inna ba ruwanta da wannan doka. Ta tare ni a zaure da kilishi, da man shanu daga rugar maƙwabtanmu, da kifin kogin garinmu da ta ƙyafe da hannunta. Ta ce, "Ka kai ma Auta. Ko sauran sun ɓace, kifin ga dai shi ci shi." Ta daɗe ba ta sa shi a ido ba, ga ƙarfinta ya soma raguwa. Ban iya yi mata musu ba.

Mun karya kumallo da ƙosai a Anka, ramukan hanya suka jijjiga mu har Gusau, muka wuce Kano. A filin jirgi sikeli ya tona asirina. Nan take na fitar da rigunana daga jaka na jibga su duka a jikina. Abokina ya yi ta dariya, wai bai taɓa ganin wanda ya yi ƙiba tsakanin azahar da la'asar ba.

Da muka sauka a Atina, babban birnin Girka, wata jami'ar kwastan ta buɗe jakar. Ta ɗauke kilishi da man shanu, ta ce nama da kayan madara ba sa shiga ƙasarsu. Sai ta ɗaga ƙunshin kifin. Ta juya shi, ta ga an cire hanjinsa, ta yamutsa fuska saboda ƙauri, ta miƙo mini abina. Wallahi kamar in yi guɗa.

Daga nan bas muka hau zuwa arewa, don ya fi jirgi sauƙi nesa ba kusa ba, muna ta kallon duwatsu da gonakin zaitun. A Tasalonika yawon bakin teku kyauta ne, burodinsu mai kama da zobe da aka barbaɗa wa riɗi kuma ba tsada. Kasuwarsu cike take da ɗanyen kifi iri-iri. Abokina ya ce, "Kai dai ka ji kunya, ka kwaso kifi tun daga Gummi ka kawo gidan kifi!"

Auta bai yi dariya ba. Da muka koma ɗakinsa ya kaɗa miyar kuka da kifin Inna, ya kai loma. Sai ya ce, "Yaya, hayaƙin murhun Inna ne." Ni ma sai da idona ya kawo ruwa.

Abin da na koya shi ne, a sayi tikiti da wuri, a tambayi nauyin jaka, a bar nama a gida. Da na dawo Gummi na zo da labarin teku fal bakina, amma Inna ba ta bari na fara ba.

"Ya ci?"

"Ya ci, Inna, har ƙaya ya tsotse."

Ta goge ido da bakin mayafinta. Sai a lokacin ta tuna ta ce mini sannu da hanya.