Waƙar Yaya Bilki da Injin Maman Dauda

Ranar wata Asabar ta watan Sha'aban, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, Baba ya fito da rikodarsa tsakar gidanmu na Unguwar Shanu, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ɗora ta a tsakiya kamar an yi baƙo. Ya ɓare sabon kaset daga ledarsa, ya ce kowa ya shirya abin da zai faɗa wa Yaya Bilki. Yaya ita ce babbarmu, ita ta goya ni, ita ke yi mini kitso, kuma tun da mijinta ya samu aiki a Jidda suka tafi, ba ma jin muryar juna sai a kaset. Haka ake yi a lokacin: idan wani zai tafi Umra, gida ya taru a naɗi gaisuwa a ba shi ya kai. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ce za ta tashi kafin a ga wata. Baba ya fara da muryarsa ta ofis, kai ka ce taro yake buɗewa. Umma ta yi rabin maganarta da kuka. Yayana Nasiru ya cinye lokaci yana kwatanta irin takalmin ƙwallon da yake so. Da aka zo kaina na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya, ina wuni." Baba ya jira, ya gaji, ya kashe rikodar ya ce, "Hadiza, an bar miki ƙarshen kaset. In kin samo bakinki kafin Hajiya ta tafi, to. In ba ki samo ba, haka za a rufe shi."

Abin dariyar shi ne duk layinmu babu mai baki irina. A layin famfo ni ce mai rigimar wa ya riga wa, a filin makaranta idan ana 'yar gala-gala ko carafke muryata ake fara ji, har malamarmu ta ce da surutu ake cin jarrabawa da ba ni da na biyu. Amma ba surutu nake so in aika wa Yaya ba. Waƙa na shirya mata. Tun ina ƙarama nake ƙirƙirar waƙoƙina, ina shara ina haɗa baiti, ina wanke-wanke ina gwada kari a gindin tukunya, sai dai babu mahaluƙin da ya taɓa ji. Faɗa ba ya ba ni kunya, amma abin da na ƙaga da kaina, da na tuna wani zai ji sai in haɗiye abina. Wuri ɗaya nake sakin murya: bayan kicin, jikin katangar da ta raba mu da Maman Dauda mai injin markaɗe. Da ta ja igiya injin ya ɗauki ruri, ni ma sai in ɗauka, in rera har jijiyar wuyana ta tashi, don na san ko akuyarmu da ke ɗaure a wajen ba ta jin komai.

Dole ta sa na faɗa wa Nasiru, don shi kaɗai ya iya taɓa rikodar idan Baba ya tafi aiki. Ya yi mini tsiya son ransa, sannan ya ɗauko wani tsohon kaset nasa muka fara gwaji. Na farko a jikin katanga muka yi, injin na aiki, na zage na rera. Da muka mayar muka saurara, rurin inji ne tun daga farko har ƙarshe, ni kuma can a ƙasa kamar sauro. Nasiru ya yi dariya har da birgima. Muka koma ɗakinmu da azahar lokacin da injin ke hutawa, nan ma ba daɗi: ɗakin siminti ne babu kaya, murya na dukan bango tana dawowa. Kullum muka dawo makaranta sai mu gano wani abu. Ɗakin Umma mai katifa da labule ya fi riƙe sauti. Idan aka ɗora rikodar a kan filo, gurnanin cikinta yana raguwa. Idan na matsa kusa da yawa, numfashina na bugun makirfon, sai Nasiru ya sa masa safar makarantarsa, wadda har yau ban yarda wankakkiya ba ce. Sauti ya yi ta gyaruwa, waƙar dai ba ta fito ba, don da na ga jan maɓalli ya shiga sai muryata ta koma raɗa. Ranar da ya ƙosa ya ce, "Rikoda ba ta da laifi. Ke ce kike waƙa kamar mai gulma."

Ana jibi Hajiya za ta tashi na haƙura. Na kwashi kwanuka na tafi bayan kicin raina a ɓace, na ce Yaya ta yi haƙuri da "ina wuni". Azumi ya matso, mata sun cika gidan Maman Dauda da bokitan gero da wake, injin ba ya numfasawa. Na rufe ido na saki waƙar da dukan ƙarfina, don haushi. Ina tsakiyar baitin da na fi so, "Yaya ta tafi da matajinta, kaina ya koma sheƙar tsuntsu," ashe bel ɗin injin ya tsinke. Ban ankara ba sai da na ja baitin har ƙarshe, na ji muryata ita kaɗai a sararin unguwa. Sai dariya ta ɓarke a bayan katanga. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina nan da soso a hannu sai ga kan Maman Dauda ya leƙo, ta taka benci, goshinta duk ƙullu. Ta ce, "Ke ce, Hadiza? To ƙarasa mana, 'yar nan, kin bar mu a sheƙar tsuntsu!" A nan na gane ba ni suke wa dariya ba, baitin ne ya ba su dariya, kuma don a yi dariyar na shirya shi. Na waiwaya na ga Umma tsaye a ƙofar kicin da muciya, tana dariya tana share ido da gefen zane.

Umma ce ta kai maganar gun Baba, ita ce kuma ta leƙa ta roƙi Maman Dauda alfarma. Washegari bayan la'asar, layi cike, matar nan ta kashe injinta da hannunta ta ce kowa ta ajiye bokiti, za a yi wa Bilki waƙa. Suka shigo gidanmu da mayafansu, na koya musu amshi, kalma uku ce ba wuya: "Dawo, Yaya, dawo." Nasiru ya zama babban ma'aikaci, yana ba manyan mata umarni. Ya rataye zannuwan Umma a bangon ɗakinta, ya sa masu amshi suka tsaya daga bakin ƙofa don kada su danne ni, ya matsar da Umma da ƙwaryarta can gefen gado, ya kori akuya zuwa zaure. Baba ya zauna a kujera da hularsa ta ofis, shi ya danna maɓallin. Baitin farko ya fito a karye, na kusa tsayawa. Sai amshin ya taso daga bakin ƙofa, muryoyin mata cike da fara'a, ƙwarya na bi a hankali. Wallahi ji na yi kamar an tallafe ni ta baya. Na ɗaga kai na rera yadda nake yi a jikin katanga, har kaset ya ƙare ya datse mini rabin baitin ƙarshe, babu wanda ya damu. Da aka mayar, na ji wata yarinya mai murya garau tana waƙa, kowane harafi a fili, na daɗe ban yarda ni ce ba. Baba ya saurara fuskarsa a ɗaure kamar mai duba fayil, da ya ƙare ya ce, "Nasiru, a sake sa mana." Daɗin da na ji a ranar ban san da me zan kwatanta shi ba.

Bayan sallah Hajiya ta dawo da amsa. Yaya ta yi dariya a kaset ɗin har tana tari, ta yi kuka, ta ce matan gidansu duk sun haddace amshin, kuma a cikin tsarabar akwai mataji da sunana a jiki. Daga ranar ban sake jiran inji ba. Na yi waƙar bankwana da firamare, na yi ta bikin ƙawaye, wasu sun yi daɗi, wasu gara da aka manta su.

Yanzu ina zaune a Kawo, ina aikin gwamnati kamar Baba, waƙa kuma sai ƙarshen mako, don jin daɗina. Ina da ɗan ɗaki da na liƙe da soso, da makirfo mai kyau, da kwamfutar da ke share duk wata hayaniya kafin in ƙifta ido. In na gama, in tura wa Yaya ta waya, ta ji kafin shayina ya huce. Ko amshi ba na neman kowa: in rera, in sake rerawa a kai, in yi ta jerawa har ya zama kamar mata sun cika ɗaki. Yana fita tsaf, ba tari, ba kukan goyo, ba wadda ta riga wata shiga. Sai dai idan na cire abin kunne na waiwaya bakin ƙofa, babu kowa a tsaye. Duk muryoyin nan nawa ne.