Yadda Na Rufe Zauren Baƙin Mahaifina

A shekarun da soja ke mulkin ƙasar nan, ni saurayi ne mai ji da kansa, ɗan wani mutumin Maraɗi mai butikin hatsi a Kalley, nan Yamai. Na yi lakwal, wato karatun boko, na kuma taɓa aiki a wani kamfanin Turawa mai sayar da kayan masarufi, saboda haka a ganina babu mai koya mini kasuwanci, har shi tsohon. Yau da furfura ta cika mini kai nake rubuto wa mujallar nan labarina, don in gode wa mutanen da suka rufa mini asiri, ko da yake yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Mahaifina maigida ne irin na da. Fataken da ke kawo masa hatsi da wake da shinkafa daga Gaya da Dogon Dutsi a zaurenmu suke sauka. Su shimfiɗa tabarmi su kwana, mahaifiyata ta tuƙa musu tuwo, abin da bai sayu ba tsohon ya ajiye musu har su dawo. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Gida kullum kamar tasha, takalma jibge a bakin ƙofa, ga tari ga minshari, buta ba ta hutawa. A kamfanin da na yi aiki, kamiyo ke zuwa ya sauke kaya ya wuce, ba mai tambayar direba ko ya karya kumallo.

Da Allah ya yi wa tsohon rasuwa, ana gama sadakar arba'in na naɗe tabarmin nan, na sa wa zauren ƙofar ƙarfe na mayar da shi magaza, wurin ajiyar kaya. Na shirya da wani babban ɗan kasuwa mai kamiyoyi, yana kawo mini kaya da araha. Fataken kuma na gaya musu, cikin ladabin da bai kai zuci ba, cewa ciniki a butiki ake yi, wurin kwana kowa ya nema. Ba wanda ya yi mini gardama. Babbansu, wani dattijon Gaya mai kawo shinkafa da garin rogo a kwalekwale, ya yi mini addu'ar Allah ya sa albarka, ya ɗauki butarsa ya fita. Mahaifiyata ta tuna mini cewa da tsohuwar zuma ake magani, na ji ta kunnen dama ta fita ta hagu. Gaskiya kuma da farko riba ta ƙaru, har na fara tausaya wa mahaifina a raina.

Sai damina ta ƙi. Mutanen karkara suka cika gefen gari da ragowar dabbobinsu, hatsi ya yi wuyar gani. Mai kamiyoyin nan ya fara da gobe, ya koma jibi, daga baya maigadinsa ya daina buɗe mini ƙofa. Yanzu ban ga laifinsa ba, ni mai saye ne kawai a wurinsa, kuma akwai waɗanda suka fi ni. Soja kuwa ba sa wasa da masu ɓoye abinci, kuma butiki fayau ga magaza a kulle, ko ni ne sai na yi zargi. Wata safiya suka zo da masu duba farashi, suka sa na buɗe zauren a gaban maƙwabta. Ba su tarar da komai ba sai buhunan wofi da kashin ɓera. Babban sojan ya ce butikin wurin sayar da abinci ne, in wata ya mutu babu kaya za a rufe a ba wani. Ranar ido ya raina fata. Butikin da mahaifina ya ƙare rayuwarsa yana ginawa, a hannuna zai mutu.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta goranta mini ba. Goro ta ƙulla ta miƙo mini, ta ce in tafi bakin kogi a Gaweye in gaida dattijon Gayan nan, kada in yi zancen kaya. Na tafi kunya kamar ta kashe ni. Na same shi a gidan sabon maigidansa, wani Bazabarme da suka daɗe suna gogayya da mahaifina a kasuwa. Dattijon ya karɓi goron da hannu biyu, ya tambayi lafiyar tsohuwa, ya yi wa marigayi addu'a. Ni ne na kasa daurewa, na amayar da duk abin da ke cikina. Ya ce labari ya iso masa, amma yanzu yana da maigida, kuma baƙo ba ya raba kaya a bayan idon maigidansa. Sai ya aika aka kira maigidan, ya maimaita masa maganata. Mutumin nan, wanda rufewar butikina riba ce gare shi, ya ce dattijo baƙon marigayi ne, shi aro aka ba shi, kuma mai aro ba ya hana mai abu. Nan take suka raba kayan kwalekwalen biyu. Wallahi na yi kuka, ban damu da wanda ke kallona ba.

Sharaɗi ɗaya dattijon ya gindaya mini, cewa in sayar tiya-tiya, wato awon kwano, ga matan unguwa, kada in ba kowa buhu. Shi ya kai magana ga sauran fataken, wannan ya kawo kayan jaki, wancan ya kawo 'yan buhuna. Butikin bai taɓa cika ba a shekarar nan, amma bai kwana a rufe ba, soja kuma ba su sake waiwayata ba. Da na buɗe baki zan nemi gafararsa, sai ya katse ni da dariya, ya ce tuwon da ya ci a gidanmu har yau bai gama narkewa ba.

Abin da na koya shi ne, ni farashi na iya dubawa, mahaifina kuwa mutane ya tara, kuma ranar da kaya suka ɓace mutanen ne suka rage. Ina ganin 'ya'yanmu yanzu, kan ɗan rangwame kaɗan sai su watsar da wanda ya yi shekaru yana kawo musu kaya. Ku nemi sauƙi, ba laifi ba ne, amma ku yi hattara, domin wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ni na yi sa'a, waɗanda na kora sun fi ni mutunci. Ba kowa ke dacewa da irinsu ba.