Ranar da Moter Ya Ƙone a Hannuna

Injin niƙa kaɗai mijina ya bar mini a Dogon Dutsi, sai 'ya'ya uku. Wana ya yi ta aiko mini daga Dogon Kiriya in tattara in koma gidansa. Na ƙi. Na san gidan, wanda ya shiga da yara ba ya sake fita. Muddin moter ɗin injin yana juyawa, ina da bakin cewa a'a.

Da bazara kuran, wato wutar lantarki, ba ya ɗaukewa, raguwa yake yi, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Bayan azahar kowa ya kunna fanka, sai ƙwan lantarkin shagona ya yi ja. Mai gyaran wuta ya taɓa zaunar da ni ya ce, "Madam, in kuran ya ragu kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin juyin moter kusan kashi biyu yake tafiya. Sai ya yi nauyi, ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, waya ta yi zafi. Kin ga ƙwai ya yi ja, kashe."

Wata Laraba yayar mijina ta iso daga Kiyeshe a amalanke da buhun gero, washegari sunan jikarta. Ƙwan kuwa ja wur.

Na ce, "Yaya, mu jira la'asar, wuta ba ƙarfi."

Ta ce, "Mai amalanke ba ya jira. Ke, wuta mai ƙarfi ita ka ƙona abu. Wagga da ba ta ko haska ɗaki mi za ta ƙona? Ko don ƙanena ba shi da rai?"

Wallahi raina ya ɓaci. Mata huɗu na zaune da kwanukansu suna saurare. In na ƙi, kafin magariba gari ya ji na hana dangin miji injin ɗan'uwansu. Na san abin da zai faru sarai, amma na danna makunni.

Moter ya yi gurnani, ya tashi da ƙyar kamar jakin da aka yi wa lodi. Na riƙa zuba gero kaɗan-kaɗan. Ita kuwa ta ga ina ɓata mata lokaci, ta ɗaga kwano ta juye duka. Bel ɗin da ke juya injin ya tsaya. Gurnanin ya canza. Kafin in kewaya in kai hannu ga makunni, warin ƙonannen fenti ya cika shagon.

Na taɓa jikin moter, na janye hannu. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa, don na ga hanyar Dogon Kiriya a gabana.

Yaya ta leƙa buhu, ta ce saura fiye da rabi, kuma suna ba ya ɗaguwa. Na aro turmi a maƙwabta. A ƙofar shagon na daka mata sauran.