Kalilu da Ɗan Akun da Ya Rage

Kafin masu shagunan Sri Petaling su ɗaga ƙofa, Malam Kalilu ya riga ya tattaro gwanda da ayabar da suka nuna ya ɗaure a bayan babur. Daga nan sai gidan kula da tsuntsayen da ke bakin daji, inda ya yi shekara da shekaru yana wanke keji. Karatun dabbobi ne ya kawo shi Malesiya, da ya gama, aikin ya riƙe shi. Mu maƙwabta Sarkin Aku muke ce masa, don tsokana.

Akun nasa ma ba irin namu ba ne mai jan wutsiya da surutu. Serindit ake ce masa, kore shar, bai fi gwara girma ba, namijin da ɗigon shuɗi a ka da ja a maƙogwaro. A kogon busasshiyar bishiya yake ƙyanƙyasa, macen ta riƙa tsinko ganye tana cusawa cikin gashin jikinta ta kai can. Zauna da Kalilu, ko ba ka tambaya ba sai ka ji wannan.

Ana tsakiyar kullen korona, iska ta kayar da wata tsohuwar bishiya. Aka tsinci 'ya'yan serindit uku a kogonta, ko gashi ba su gama ba, uwar babu labari. A makon ne kuma abokin aikinsa ya kamu. Aka ce za a rufe wurin: wanda ya fita ya fita, wanda ya zauna sai ranar da aka buɗe. 'Ya'yan nan kuwa sai an ɗura musu abinci da sirinji bini-bini. Wuni guda aka tsallake, shi ke nan. Kalilu ya zaɓi zama.

Ƙofarmu tana kallon tasu, da kunnena na ji matarsa Barira tana waya da shi.

"Abban Khaulah, cutar nan fa tana wurin da kake. Ka bar ni da yara a ƙasar da ba mu da kowa saboda tsuntsu?"

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa: "Ke kina da maƙwabta, Barira. Su in na fito mutuwa za su yi."

Ta kashe wayar. Washegari ita ce ta tuƙa tuwon shinkafa ta miƙo mini, fuska a ɗaure, ta ce in na fita cefane in rataya masa a shinge.

Ɗaya cikin 'ya'yan ya mutu. Kwanaki kaɗan na biyu ya bi shi. Sai Kalilu ya fara tari, gwaji ya nuna ya kamu. Wallahi na tsorata, na kuma ji haushinsa. Kai ne, Kalilu, na hango ta shinge kana tafiya kana dafa bango, kwanon damammiyar gwanda a hannu. Kai ne ka sa ɗan da ya rage cikin hularka ka ɗora a ƙirji don ya ji ɗumi, alhali kai kanka rawar sanyi kake.

Wata la'asar Barira ta buga mana ƙofa, ta miƙo mini wayarta. Kiran bidiyo ne da Kalilu. Ga ɗan tsuntsun yana reto daga sanda da ƙafa, kai a ƙasa kamar jemage, ido a rufe.

"Ya mutu ko?" ta ce. "Duk wahalar nan a banza?"

Kalilu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Barci yake. Haka jinsinsu ke barci, a kife. Sai ƙafa ta yi ƙarfi suke iyawa. Yau ya fara."

Ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana hawaye. "To tunda ɗan naka ya girma, ka warke ka dawo gida mana."

Ya warke, ya dawo, aka saki tsuntsun a dajin da aka tsince shi.

A watan nan suke haɗa kaya za su koma Najeriya. Mun gode, Kalilu, uban marasa baki. Allah ya saka da alheri. Duk wanda aka damƙa wa ran da ba ya iya cewa yana jin yunwa, ya yi koyi da kai, kada ya juya baya ranar tsoro. Ke kuma Barira, da kika yi fushi amma ba ki fasa ɗora tukunya ba, rabin jinjinar nan taki ce.